Farin Wando a Bisa Ƙofar Amarya

Tuen Mun, Hong Kong

Zuwa ga Gwaggo Yuk-han,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Baba Shing da duk mutanen gida. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, ya kuma sa sanyin Belfast bai hana ki buɗe shagon abinci ba, ko da yake na san halinki, ko ƙanƙara ta toshe ƙofa sai kin haƙa hanya kin shiga. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan yana kai tsuntsunsa shan iska kowace safiya, yana kuma musu da likita a kan gishiri. Mama ta huta daga hidimar biki, kumburin ƙafafunta ya sauka. Ƙanwata Man-ching ta tare a gidan mijinta, har an ce ta fara dafa miyar da mutum zai iya sha ba tare da ya rufe ido ba.

Na saurari saƙon muryar da kika aiko min. Kin ce wace irin yaya ce za a yi auren ƙanwarta tana can asibiti tana kwashe fitsarin mutanen da ba ta haɗa komai da su ba. Maganar ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ban kira ki ba ne don na san mu biyun nan, idan muka hau waya ke ihu ni ihu, a ƙarshe ba wanda ya ji wani. Shi ya sa na ɗauki biro, don ki ji labarin daga bakina, ba daga bakin 'yan gulmar gidan shayi ba.

Kin san na fi shekara goma a kamfanin da ke tura kayan wasan yara zuwa Turai, ba abin da nake yi sai rigima da masu masana'anta a waya. Abin da ya fitar da ni shi ne jinyar Kaka, mahaifiyarki. Wata rana ta ce in juya ta, bayanta ya gaji. Na tsaya a kanta da digirina da komai, na rasa ta inda zan kama ta, duk inda na taɓa sai ta yi ƙara. Wata 'yar nas ta zo, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarta, tana yi mata hira, kafin in ankara Kaka ta juyu tana ajiyar zuciya. Ranar na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Bayan rasuwarta na samu labarin wannan kwas da ake ɗaukar masu digiri a wani fanni daban, a yi musu karatun jinya a shekara uku maimakon biyar, su fito da digiri na biyu da lasisin aiki. Neman farko ba su ko kira ni ba. Na koma ajin yamma na karanta ilimin jikin ɗan Adam tare da yaran da suka kusa zama 'ya'yana, na sake nema. A wajen ganawa wata farfesa ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce a shekaruna talatin da biyar, zan iya jure wa yarinya 'yar ashirin da uku ta aike ni in ɗauko tasar fitsari? Na ce mata ai na yi shekaru ina karɓar umarni daga 'ya'yan masu masana'anta da ba su san komai ba sai sunan motoci, yarinyar nan aƙalla ta san abin da take yi. Ta yi dariya, suka ɗauke ni.

Gwaggo, karatun nan gudu ne. Abin da wasu ke yi a zango guda mu a 'yan makonni muke haɗiye shi, hutu kuwa sai dai mu ji ana labarinsa. Daga aji sai asibiti, kuma kowane zagayen aikin asibiti an riga an tsara shi tun farkon shekara, ba a ɗaga wa kowa. A zagayen da ya faɗo kan lokacin bikin aka tura ni ɗakin tsofaffin da likita ya gama nasa, sai lallashi da rage raɗaɗi. A nan na fara wanke mamaci. Wani tsoho ne, tsohon direban tarago, ba ɗa ba jika. Sista Tam, wadda ke koya min aiki, ta ce kada in kuskura in taɓa shi ban gaya masa ba. Haka muka yi ta yi masa magana, muna ce masa Kawu yanzu za mu goge maka fuska, Kawu yi haƙuri za mu juya ka. Na taje masa gashi da kaina. Da na fito ban ji tsoro ba, ban ji ƙyama ba, sai na ji a raina cewa na iso inda ya kamata in kasance.

To, matsalar daga gidan shayi ta faro. Mun fita cin abincin safe da dangin ango, Pak-lam, don a daidaita maganar wainar biki da yawan baƙi. Mahaifiyarsa, Misis Kwong, ta zuba min shayi tana murmushi, ta ce ita fa tana alfahari za su samu mai digiri na biyu a dangi, me ake koya mana a can? Ni kuma da bakina da ba ya riƙe magana, sai na ba ta labarin tsohon nan tiryan-tiryan. Mama tana ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, ni na ɗauka kyanwar gidan ce. Misis Kwong ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali, ta janye farantin da hannuna ya taɓa.

Washegari saƙo ya iso daga Misis Kwong. Wai ɗanta ɗaya ne tilo, ta biya mai duba ya zaɓo ranar da babu aibi a cikinta, ba za ta yarda a kawo mata baƙin ciki cikin farin ciki ba. Ko dai in ƙaurace wa ɗakin tsofaffin nan da ake taɓa gawa tsawon watan da ke gaban bikin, ko kuma kada a ga ƙeyata a wurin. Na je wajen malamar da ke raba mu asibitoci, na roƙe ta kamar zan durƙusa. Ta tausaya min, amma ta ce kwas ɗin ba shi da rata ko kaɗan: wanda ya bar zagaye ɗaya sai ya jira ɗaliban shekara mai zuwa, kuma ba ta yi min alkawarin za a samu gurbi ba. Na nemi musanya da abokan karatu, asibitin ya ce an riga an ba kowa malaminsa. Mama ta yi kuka, ta ce shekara ɗaya ce fa, mene ne shekara ɗaya a kan ƙanwar da na goya, na kai makaranta, na yi wa kitso? Baba ya ɗauki kejinsa ya fita. Man-ching kuwa ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, kuma jan ƙofar nan ya fi kukan Mama ci na.

Na yi tunani sosai, Gwaggo, kada ki ɗauka da wasa na yanke. Na san kaina. Idan na sauka daga wannan motar yau, gobe wani dalilin zai zo, jibi wani, kuma a shekaruna ba na jin zan sake samun ƙarfin hawa. Ban da haka, akwai tsofaffi a ɗakin nan da suka riga suka san sunana, ban ga yadda zan ce musu hannuna ya fi ƙarfin jikinsu na wata guda ba. Na gaya wa Mama ba zan bar aikin ba, kuma ba zan ɓata wa Man-ching ranarta ba. Ana saura mako guda na tattara kayana na koma ɗakin wata abokiyar karatuna a Sham Shui Po. Kayan aikina ɗaya na bari, don wandon bai bushe ba, yana rataye a gorar shanya ta tagar kicin.

Ranar bikin aikin safe nake. Na yi wa mutum huɗu wanka, na ba wata tsohuwa kunun shinkafa a baki, ina yi ina kallon agogo, ina cewa yanzu ana yi mata kwalliya, yanzu abokan ango sun iso ƙofa ƙawayen amarya suna wahalar da su. Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi daga bakin Baba. Kin san al'ada, tunda ƙanwa ta riga yaya aure, sai a rataye wandon yayar a saman ƙofa, amarya ta bi ta ƙarƙashinsa ta fita, don kada ta tsallake gabanta. Mama ta sayo sabon wando ja saboda haka, har an rataye shi. Lokacin fita ya yi, uwar bikin da su Misis Kwong suka ɗauko don kula da al'adu ta buɗe jar lema, sai Man-ching ta toge. Ta ce wannan ba wandon yayarta ba ne, yayarta ba ta taɓa zura ƙafa a cikinsa ba, wandon kanti ne, ita kuwa ba ƙanwar kanti ba ce. Ta tattare rigar amarcinta, ta shiga kicin, ta jawo gora, ta fito da wandon asibitina. Fari fat, Gwaggo, launin makoki.

Uwar biki ta dafe ƙirji, ta ce a shekarunta na wannan sana'a ba ta taɓa ganin amarya mai neman jawo wa kanta tsiya irin wannan ba, sa'ar da aka zaɓa tana wucewa, a yi wa yarinyar nan magana. Man-ching ta ce sa'ar ta wuce mana, ita tana da kujera, za ta zauna. Kowa ya juya yana kallon Mama, don an san ita ce mai tsoron irin waɗannan abubuwa, ita da ko ɗan wasa da kalmar mutuwa ba a yi a gabanta. Baba ya ce ta daɗe tana kallon wandon. Sai ta karɓe shi daga hannun Man-ching, ta jawo kujerar roba, ta hau da kumburarrun ƙafafunta, ta sauke jan, ta rataye farin, ta maƙala masa jar ambulan ta kuɗin sa'a da fil. Tana kan kujerar ta ce 'yarta ce ke sa shi, ita kuma da hannunta take wanke shi, duk wanda ba zai iya bi ta ƙarƙashinsa ba, ga taga can a buɗe. Kin dai tuna a hawa na ashirin da shida muke. Pak-lam ne ya fara sunkuyawa ya wuce, sannan ya miƙo hannu ya kamo matarsa.

Wani ɗan'uwan ango ya ɗauki hoton bidiyon abin a waya, Baba ya turo min. A ɗan ɗakin da muke cin abincin rana na kalla, na kifa kaina a tebur na yi kuka sosai. Sista Tam ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo min kofin shayi ta ce in shanye, mai gado na bakwai yana jira a juya shi. Na wanke fuskata na tafi na juya shi.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya daidaita ba. Ban ga Man-ching da idona cikin jar riga ba, ban riƙe mata hannu ba, kuma wannan zai daɗe yana yi min ciwo. Misis Kwong ta ga hoton, har yau idan an ambaci sunana sai ta canza magana. Amma ban yi nadama ba. Na ci wancan zagayen, yanzu ina ɗakin tiyata, saura shekara ɗaya da rabi, kuma zan kai ƙarshensa ko da rarrafe ne. Abin da nake roƙonki kawai, kada ki kira Mama ki yi mata faɗa. Ta yi abin da ya fi ƙarfin tsoronta, kuma ni na san abin da hawa kujerar nan ya ci mata.

Ki gaida min Baba Shing, ki ce ya rage taba. Ki gaida ɗanki Tak-wing da matarsa da jaririyarsu, da 'yarki Mei-kuen, ki ce mata ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Baba da Mama suna gaishe ki. Man-ching ma tana gaisuwa. Na aika ta dawo min da wandona, ta ce in manta da shi, ta ninke shi cikin akwatin aurenta, da shi ta shiga gidan Misis Kwong, kuma a can zai zauna.

Taki har kullum, wadda yanzu wando ɗaya ya rage mata,
Wai-sum