Nasarar da Ruwa Ya Tafi da Ita

Daga Balbus, mai kula da dawakin tseren ƙungiyar 'yan Kore a birnin Rum, zuwa ga Rufinus mai gidan gurasa a Ostiya.

Gaisuwa mai yawa. In kana lafiya, madalla. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa. A gaida mai ɗakinka Salbiya, wadda ta yi shekara talatin tana haƙurin zama da ɗan Shuɗi, abokin hamayyarmu a tsere.

Ka tuna shekarar da kogin Tibar ya yi ambaliya, har aka shiga kasuwar shanu da kwalekwale? Bana shekara goma sha huɗu ke nan. Ana saura kwana uku ruwan ya zo aka yi tseren keken doki a Babban Fili. Baƙin dokinmu Korbus na ɗaure a hagu, ɓangaren da ake shan kwana, kuma ranar ya fara cin tsere. Kana wurin da tulunka, kana watsa wa dawakin Shuɗi ruwa in sun zo wucewa.

To, Korbus ya tsufa. Ka san al'adar bargarmu: dokin da ya ci tsere ɗari ba a sayar da shi, makiyaya ake kai shi, a sassaƙa sunansa a dutse. Sabon maigidanmu Laberiyus, wanda bakinsa bai daina warin nono ba, ya duba takardu ya ce casa'in da tara. Takardar wancan watan ruwa ya tafi da ita. Na kawo masa igiyata da nake ƙullawa duk ranar da Korbus ya dawo da reshen dabino na nasara. Ƙulli ɗari cif. Ya ce, "Baba, igiya ba ta magana." Na ce, "Takardarka ma ai ba ta iya iyo ba."

Sai ya ce kowane ɗan Kore zai rantse a kan haka, in na isa in kawo ɗan Shuɗi guda ya faɗa da bakinsa cewa an cinye su ranar. Barga ta kwashe da dariya. In ban kawo ba, nan da kasuwa biyu za a sayar da shi ga masu niƙa, su rufe masa ido ya ja dutse har ya faɗi.

Ban iya roƙo ba. Ka zo kawai. Mai rubuta mini wasiƙar nan ya ce in ƙara "don girman zumunci", na ce ya bari. In ka gani a ciki, ba ni ba ne.

Ka zauna lafiya.

*

Daga Rufinus zuwa ga Balbus, sarkin taurin kai.

Gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso, Salbiya ta sha dariya har ta ƙware.

Wato ni, da ubana ɗan Shuɗi, kakana ɗan Shuɗi, zan tsaya a tsakiyar bargar Kore in ce an cinye mu? Da wane ido zan dubi masu sayen gurasata, alhali rabinsu saboda launi suke zuwa, ba don daɗinta ba?

Kuma ma ni ban tuna komai ba. Rana ta cika mini ido, ƙura ta tashi. Na ga an sauke kifin tagulla na bakwai, alamar zagaye ya cika, daga nan sai ihu.

Amma ga taimako: a sayar mini da shi. Dutsena hagu yake juyawa, aikin da ya saba ne. Duk ya yi zagaye bakwai zan tafa masa.

Ka huta lafiya, tsoho.

*

Daga Balbus zuwa ga Rufinus.

Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Na sa an karanta mini wasiƙarka sau biyu, don na zaci mai karatun ne ya ƙara gishiri. Ashe halinka ne.

Rana ta cika maka ido? To bari in tuna maka, ni ba takarda ba ne da zan jiƙe. A zagaye na bakwai matuƙinku ya matso zai bi ta ciki, Korbus ya manne da turken kwana, ko zare ba zai ratsa ba, ya bar ku da cin ƙura. Yana ƙetare farin layi sai ga tulu daga gefenku, ya fashe a kafaɗarsa. Tabon yana nan. 'Yan Kore suka yi ta neman wanda ya jefa za su yi gunduwa-gunduwa da shi.

Ni na tsinci hannun tulun. Akwai shuɗin zare a ɗaure, irin ɗaurin Salbiya mai kunnuwa biyu. Na cusa shi a ɗamarata, na ce wani mashayi ne daga can sama. Shekara goma sha huɗu muna cin wake da zaitun a akushi ɗaya in ka shigo gari, ka taɓa jin na tada zancen?

Ga shi nan na ƙunsa maka a tsumma tare da wasiƙar. Ka jefa a teku. Na mayar maka ne don kada ka ce da shi na ja ka. In za ka zo, ka zo don dokin. Jiya ya ji ƙahon fili daga barga, ya ɗaga kunne yana tona ƙasa, bai san an gama da shi ba.

Saura kwana shida. Ka zauna lafiya.

*

Daga Rufinus zuwa ga Balbus.

Gaisuwa. Salbiya ta gane ɗaurinta. Shekara goma sha huɗu ta san cewa tulun nan sace shi aka yi, yau kwana biyu ba ta yi mini magana.

Jibi ina tafe. Da shuɗiyar rigata zan shigo, kuma kada kowa ya tafa. Zan faɗa sau ɗaya tak. Mai hankali ba ya jifan dokin da ya zo na biyu, wannan kaɗai ya isa shaida.

Na rantse da Efona uwar dawaki, ban taɓa ganin shan kwana irin na ranar ba. Shi ne ya ba ni haushi. In ka gaya wa wani na faɗi haka, zan musa.

Ka huta lafiya.

*

Daga Balbus zuwa ga Rufinus, abokina.

Gaisuwa mai yawa, da sannu da kafaɗa.

Ka fice a fusace, ba ka ji ƙarshen zance ba. Da ka gama ba da shaida, Laberiyus yana ta shafa haɓa yana cewa ƙila na saye ka ne, sai Korbus ya miƙo wuya ya ɗana maka haƙori, daidai inda ka ɗana masa tulu. Dokin da bai taɓa cizon kowa ba! Laberiyus ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Baba, shaidu biyu sun haɗu. A rubuta ɗari." Na ce a rubuta, amma a rataye takardar can sama.

Ka shafa man zaitun da gishiri, haka muke yi wa dawaki. Na kuma aika wa Salbiya sabon tulu, ko ta sassauta.

Gobe da sassafe zan ja shi da kaina zuwa makiyaya. An ce akwai gajeriyar hanya, amma ni ta Ostiya zan bi, ta ƙofar gidanka, a hankali, da koren ƙyalle a goshinsa. Ka tanadi sha'ir mudu biyu da gurasa mai zafi. Dutsen niƙanka kuwa ka rufe shi da tabarma, ba na son ya gani.

Ka kwana lafiya.