Awa Ɗaya a Bidiyon Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da Mama kuna lafiya. Sai yanzu na iya buɗe bidiyon Baba na asibiti da kika aiko. Kin ce mini ya cika ƙarfe huɗu da rabi, shi ya sa ba ki samu kin kira ni ba. To kwamfuta ta nuna an ɗauki bidiyon ƙarfe biyar, ga shi yana magana ras, har yana neman ruwa. Kuma a watan da ya rasu agogonmu na nan ƙasar waje ɗaya da naku. Wato yana raye kika hana ni jin muryarsa. Me na yi miki? Ki gaida Mama.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa, tunda ta zama dole. Ni ce maƙaryaciya? Ni na kwana a kujerar roba har ƙafafuna suka kumbura, ni na riƙa juya shi ina goge masa baki. Ƙarfe huɗu na ɗauki bidiyon nan, ina ajiye wayar numfashinsa ya canja, na fita a guje neman likita. Da wane hannu zan kira ka? Wallahi haka aka yi. Mama ta karɓi wasiƙarka ta karanta, tun jiya ba ta ci komai ba. Ka je ka tambayi kwamfutar taka ko ita ta rufe masa ido. Ka huta lafiya.

Auta

Auta,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Na san na yi shiru da yawa. Jiya aka mayar da agogon garin nan baya da awa ɗaya, kamar kullum in sanyi ya shigo. Na sake buɗe bidiyon, sai na ga ƙarfe huɗu. Na nuna wa mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Ya ce tawa tana ajiye lokaci ne da agogon duniya guda ɗaya, sannan ta nuna shi bisa agogon garin na yau, ba na ranar da aka ɗauka ba. Na zalunce ki, Auta. Ki yafe mini. Ina gaida Mama.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwarka ta iso. Mama ta ce ya wuce. Ni ban ce ba. Na rantse maka da Allah ka yi banza da ni, kwamfuta ta canja baki ka yarda nan take. Ka kira Mama, tana jira. Sai wani lokaci.

Auta