Gyalen da Aka Murɗa Sau Ɗaya

Anguwan Rukuba, Jos, 1957

Zuwa ga Malam Kolawole, ruwan farko a kan busasshen dutse, inuwar la'asar ɗin rayuwata, wutar da nake jin ɗuminta cikin sanyin Jos.

Hannun nan ya tsufa yana riƙe da alli. Ni Firisila, wadda ban taɓa barin namiji ya ɗaukar mini ko kwando a kasuwar Bukuru ba, ga ni ina rubuta abin da mace mai furfura ba ta faɗa. Wayyo, kunya!

Ka tuna ranar da ƙanƙara ta tsare ka a barandata? Ka ba ni labarin ilaktoron, ƙwayar da ido bai taɓa gani ba, mai gudu cikin wayar lantarki. Ka ce masana sun auna juyinta sun sami rabi: in an juya ta zagaye guda cikakke ba ta komawa yadda take, sai an ƙara na biyu. Na yi dariya, na ce tatsuniya ce. Sai ka ari gyalena, ka ɗaure bakinsa ɗaya a kujera, ɗayan a hannun butar shayi. Ka juya butar sau ɗaya, gyalen ya murɗe. Na kai shi sama, na kai shi ƙasa, murɗin ya ƙi fita. Ka ƙara juyi ta wannan gefen dai, na ce ka gama ɓata shi. Amma da ka zagaya da gyalen ta ƙarƙashin butar, ita ko motsi ba ta yi ba, sai ya miƙe sumul kamar ruwan tafkin masu haƙar kuza da safe!

Ran nan ka nemi aurena, na ce a'a. Ka yi godiya, ka sa hula, ka shiga ruwa.

Haba, masanin ɓoyayyun abubuwa! Duk zaman da ka yi a cikinmu, ka taɓa ganin macen kirki ta karɓi ko kwanon faten gwate a tayin farko? A'ar farko ta kunya ce, ta biyu ake jira. Yaya ka yi wa ƙwayar da ba ka gani haƙurin juyi biyu, ni da ke gabanka ka juya ni sau ɗaya ka tafi? Tun ranar a murɗe nake. Na yi addu'a, na yi fushi, na ce wa kaina shingen kyarana mai ƙaya ba ya neman mai shafa shi. Murɗin ya ƙi fita.

Yanzu na ji a coci ka fara ɗaure kaya, za ka koma Ogbomosho ƙarshen wata. Shi ya karya mini girman kai har na ɗauki alƙalami.

Ka zo ranar Lahadi bayan sujada. Gyalen yana ɗaure a kujera. Na juya butar sau ɗaya na bar ta. Ka sake tambayata, amma don Allah kada ka ambaci takardar nan, kada kuma ka dubi fuskata sai na amsa.

Taka ce ni muddin duwatsun Shere suna tsaye,

Firisila