Ƙarfen Amalanken Baba

Litinin, 4 ga Nuwamba
Mushe Bawa (haka muke kiran malaman boko, Mushe), Kiristan nan mai koyar da tarihi a lakwal, makarantar bokon garinmu Bande, ya sake cika mu da labari a teburin shayi. Wai Habasha ta dā, sarakuna Kirista a kan duwatsu, fatake Musulmi a bakin teku, kowa da hannunsa a gina ta. Na ce, "Mushe, mu nan wa ya gina mu, jakuna?" Aka yi dariya. Ya ce, "Wa ya taɓa tonawa ya gani, Usama?" To, zai tona.

Alhamis, 7
Na ɓalle wani ƙarfe daga tsohon amalanken Baba, kamar gicciye, duk tsatsa. Na binne a kufai, na ja Mushe can wai na ga tsofaffin kasake. Da ya tono ƙarfen, sai ya goge shi da rigarsa yana ta juya shi. Da ƙyar na riƙe dariya.

Asabar, 9
Ya nuna wa ɗalibansa, cewa kawai ya yi a bincika. Kafin la'asar magana ta koma wai ya ce kakanninmu Kirista ne, coci zai gina a kufai.

Litinin, 11
An jefi ƙofarsa har ta karye. Ban ci tuwo ba, na ce ciki ne.

Laraba, 13
Iyayen yara sun kai ƙara wajen mai gari, a kore shi. Baba ya fi kowa ɗaga murya. Gobe za a zauna. Na je gaida Malam Muttaƙa, wanda na yi allo a hannunsa, ban faɗa masa komai ba. Shi ya ɗauko zancen Najashi, sarkin Habasha Kirista da ya ba sahabbai mafaka, ya ƙi miƙa su. Tun ina yaro nake jin sa. Sai ya dube ni: "Kai da ba ka rasa tsiya, yau lafiya?"

Alhamis, 14
Ƙarfen na kan tabarmar mai gari. Mushe a tsaye, ba wanda ya ce masa zauna. Na turo amalanken har ƙofa, yana ƙara. Na ɗauki ƙarfen na mayar inda na ɓalle shi. Ya zauna daram. Baba ya ce, "Ɗan banza, ashe kai ne!" Mari biyu, gaban kowa. An watse, wasu na dariya. Mushe bai yi ba. Ya ce, "Kwana uku 'yata ba ta leƙa waje ba, Usama."

Alhamis, 21
Na gyara masa ƙofar. Yau ya dawo teburin shayi, ya ɗauko Habasha daga inda ya tsaya. Wata tsokana ta zo min, mai kyau, da an sha dariya. Na haɗiye. Na tambaye shi me fataken ke kaiwa kan duwatsun. Gishiri, wai, da tufafi. Ba wai na damu ba. Shayina ne dai ya huce ban sani ba.