Rumbun Ɗogo

Madarunfa, farkon bazara

Zuwa ga maigidana Malam Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da ƴan lakwal ɗin da kake koyarwa, da haƙorin nan da ka ce ya lafa, ni kuwa ban yarda ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ɗiyarka Ɗelu tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka yanzu tana karatu ba ta bin layi da yatsa. Tunda an ga dama an kai ka inda babu rezon waya, sai ka yi haƙuri da doguwar takarda, don yau cikina cike yake, kuma ba ni da wanda zan juye wa sai kai.

Ka san aikinmu na sarbis sosiyal. A kawo maka wanda ya faɗi a ce ka ɗaga shi, kai kuma babu komai a hannunka sai bik na rubutu da takarda. To bana wani proje na agaji ya zo zai raba hatsi ga gidajen da suka fi galabaita kafin damina. Mu ne masu nuna gidajen, su kuma su biyo baya su duba. Cikin waɗanda na nuna akwai gidan wata mata, Inde, a wani ɗan ƙauye bayan garin Sarkin Yamma, cikin mutanen nan da ke kan addinin kakanninsu. A likita, wato asibiti, na san ta, ranar da ta kawo autarta Asabe. Da aka ɗaura wa yarinyar igiyar awon damtse, ja ta nuna, alamar yunwa ta ci jikinta ƙwarai. Mijinta Ɗogo ya tafi cin rani Najeriya tun bayan kaka, babu shi babu saƙo. Ya bar mata yara uku da uwarsa Inna Talatu, tsohuwa makauniya. Abin da Inde ta noma a gayaunarta, ƴar gonarta ta kanta, ya ƙare tuni. Yanzu daka take yi wa mutane a ba ta dusa, ta haɗa da ganye su kwana a kai.

Jiya muka je da mutumin proje, Abdoul Aziz. Malam, bawan Allahn nan bai dubi yarinyar ba. Yana shiga gidan idonsa ya sauka kan rumbu, babba, an liƙe bakinsa da laka, an ɗora jinka. Ya ɗauki foto, ya danna ƴar na'urarsa, shi ke nan an cire Inde. Wai dokarsu ta ce gidan da ke da rumbu a rufe yana da abinci.

Na ce masa rumbun gandu ne, na babbar gonar gida. Maigida ke rufe shi bayan kaka, ba a taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, don a samu ƙarfin noma, kuma mace ba ta da ikon sa hannu ko da yunwa za ta kayar da ita a gindinsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya san duk wannan sarai. Ɗan manomi ne, daga wajen Gabi. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce na'urar ba ta da gurbin wannan bayani. Wallahi sai da na haɗiye maganar da ta zo mini baki, don ba ta dace da matar malami ba.

Gobe zan shiga wurin shef, shugaban sarbis ɗinmu. Ka sa mu a addu'a, kuma don Allah ka je a duba haƙorin nan.

Taka har kullum,
Bushira

Madarunfa, tsakiyar bazara

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da begenka mai yawa. Takardarka ta iso ta hannun direba, na ji daɗin jin an cire haƙorin. Ka ce in riƙa sanyaya zuciya. Na ji, amma da sauƙin faɗa ga mutumin da fitinarsa duka ba ta wuce yara masu ɓatar da alli ba.

Shef ya saurare ni yana duba agogo. Ya ce shi ba zai yi jayayya da masu kawo hatsi ba, kada su ɗauke abinsu su kai wani departama. In ina da gaskiya in kawo shaida. Na ce ga shaida nan tana kwance a zane, damtsenta bai kai kaurin muciya ba. Ya ce wannan shaidar likita ce, su ta rumbu suke so.

Sai na zauna na yi tunani. Hatsi yana nan a tsakar gida, yarinya tana ƙarewa a inuwarsa. In proje ba zai ba su ba saboda rumbu, to a buɗe rumbun su ci abinsu. Na sa Ɗanjuma, wani direban garin Ɗan Issa mai shiga Katsina kullum, ya cigita mini lambar Ɗogo a wurin ƴan garinsu. Har yau shiru. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna mutumin nan. Ka toshe abinci ka sa ƙafa ka tafi, ko sallahu babu?

Ita ma Inde ta ba ni haushi, ba zan ɓoye maka ba. Da na kawo mata maganar buɗewa sai ta yi wuf ta taso. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Madam, ki bar abinga a ruhe, don girman Allah." Na ce ɗiyarki fa? Ta sunkuyar da kai. Na ce a raina tsoron miji da tsoron al'ada sun cinye mata hankali. Har faɗa na yi mata, irin wanda ka san ina yi.

Tsohuwar ce ta karya mini zuciya. Kowace safiya Inna Talatu takan laluba da sandarta har gindin rumbun, ta shafa jikinsa da tafin hannu kamar mai shafa bayan jika. Ta ce mini duk ƙauyen babu mai ajiya irin ɗanta, in ruwa ya sauka zai dawo ya buɗe, yara su ci har su bari. Da wannan take shan ruwan dusa ba ta ƙorafi.

Na tafi wurin Baba Jatau, ƙanen mahaifin Ɗogo, wanda shi ne babba a zuriyarsu. Na yi ta sintiri har babur ɗin sarbis ya san hanyar da kansa. Da farko ya ce tun kakanni ba a taɓa buɗe rumbun gandu rana na dukan ƙasa ba, kuma ba ya shiga tsakanin mutum da ajiyarsa. Ban yi masa gardama ba. Na ɗauko Asabe na ajiye masa a cinya. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce zai tsaya a madadin ɗan wansa, amma sai an yi yadda aka saba: a tara dangi, ya yi roƙon da suke yi, kuma zangarniyar farko da za ta fito a sa ta a hannun wadda ta fi kowa shekaru a gidan, ta sa albarka, kafin kowa ya taɓa ko ƙwaya.

Da na gaya wa shef sai ya ce madalla, Abdoul Aziz zai bi ni ya ga yawan abin da ke ciki, in kaɗan ne a mayar da ita cikin masu karɓa. An sa ranar kasuwar da ke tafe. Yau dai na ci tuwo da daɗi.

Ɗelu ta ce ka taho mata da dabino. Ni kai kawai nake so ka taho.

Matarka,
Bushira

Madarunfa, ƙarshen bazara

Malam,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa.

An buɗe rumbun. Dangi sun taru, maƙwabta sun cika bakin darni. Aka shimfiɗa wa Inna Talatu tabarma a gindinsa, ta ɗaura zanenta na fita unguwa. Baba Jatau ya yi roƙonsa, aka sauke jinka, ya hau tsani ya fasa lakar. Tsohuwa ta miƙa hannu biyu tana murmushi.

Ya leƙa ciki. Sai ya tsaya a kan tsanin nan, bai sauko ba. Na duba wajen Inde na ga ta juya ta fuskanci bango. A nan na san akwai wani abu.

Dattijon yana neman yadda zai rufa abin, na ga haka a fuskarsa. Amma Abdoul Aziz ya gaji da jira. Ya ɗare ta ɗaya gefen, ya haska da wayarsa, ya ɗaga murya yadda na bayan darni ma sai da suka ji: "Babu komai! Madam, ko dami ɗaya babu! Kin ci nasara, za ta samu!" Da fara'arsa, Malam. Yana ɗaukar foto yana yi mini albishir, tsohuwa na zaune a ƙasa da hannu a miƙe.

Daga baya Inde ta ba ni labari. Tsutsa ce ta cinye musu gero bara, abin da suka samu bai kai su ko'ina ba. Ɗogo ya kasa gaya wa uwarsa, ya kasa barin gari ya san gandun ubansa ya tashi babu komai. Shi da Inde suka kwaɓa laka suka liƙe rumbu wayam, ya tafi neman abin da zai zuba a ciki kafin ruwa. Ita kuma ta yi masa alkawarin ba mai ji daga bakinta. Wannan matar da na yi wa faɗa a kan tsoro, ashe asirin gidanta take riƙe da shi da yunwa a cikinta.

Ka san abin da ta yi a wurin? Ta shiga ɗakin girki, ta zaro zangarniya ɗaya daga ɗan irin shuka da ta rataye a saman murhu, ta zo ta durƙusa ta sa a hannun surukarta, ta ce, "Ga ta hwarko, Inna." Tsohuwa ta shafa ta, ta kai hanci. Abin da ya sha hayaƙi tun kaka, ko ni daga inda nake tsaye na san ƙaurinsa. Amma ta sa albarka tiryan-tiryan, muryarta ba ta karye ba. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Ni na matsa aka buɗe, na sani, kuma da ba a buɗe ba da ban san inda Asabe za ta kai ba. Amma ka gaya mini, wace irin doka ce ba ta yarda da damtsen yarinya sai ta ga cikin rumbu? Me ya sa sai an tsiraita mutum a gaban danginsa kafin a miƙa masa tiya ɗaya ta hatsi? A hanyar dawowa Abdoul Aziz yana tambayata me ya sa na ɗaure fuska, bayan abin da nake nema ya samu. Na mai da hankalina kan hanya har muka shigo gari.

Ka yi mini addu'a, zuciyata tafasa take yi.

Bushira

Madarunfa, ranar da hadari ya fara haɗowa

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji an kusa ba ku hutu, Allah ya kawo ka lafiya. Ɗelu ta share ɗakinka tun yanzu.

Hatsin ya fito, ni da kaina na raka buhun. Asabe ta fara zama, har ta kama mini gyale. Shef kuwa ya yaba da aikin ƙwarai. Wai foton rumbun ya burge masu proje, suna so a bi sauran gidajen da aka cire a yi musu haka. Na ce masa ga makullin babur nan, ya nemi mai hawa tsani, ni na sauka. Ya ce zai rubuta ƙarata ga manya. Na ce ya rubuta da kyau, ya sa har da sunan kakana.

Ɗanjuma ya samo lambar wani da ke kwana ɗaki ɗaya da Ɗogo a Kano. An ce yana nan da rai, dako yake yi a kasuwa, yana tara na mota da na hatsi. Na kai musu labarin tare da buhun.

Inna Talatu ba ta zuwa gindin rumbun yanzu. Na iske ta a ƙofar ɗakinta, zangarniyar nan tana ɗaure a bakin zanenta. Da ta ji an ce za a iya samun ɗanta a waya sai ta laluba ta kamo hannuna, ta jawo ni kusa yadda Inde ba za ta ji ba. Na ɗauka zagina za ta yi, kuma da na karɓa. Sai ta ce, "Ɗiyata, in kin same shi, ki hwaɗa mashi mun buɗe, mun iske shi cike. Ki ce shi taho gida hakanan, kar shi tsaya neman komi."

Lambar tana cikin jakata tun shekaranjiya, Malam. Na saba rubuta gaskiya a rapor, rahoton aikina, ko wa za ta ɓata wa. Gobe da safe zan kira shi, kuma abin da tsohuwa ta ce shi zan faɗa, ba ragi ba ƙari. Shi da ya liƙe rumbun wayam zai gane nufin uwarsa.

Ka gaida mutanen wurinku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka mai jiran dawowarka,
Bushira