Shingen da Auta Ta Zana Min a Ka

Litinin, 3 ga Maris
Babban ɗana ya nemi makullin motata. Wai na goga ƙofar gida ta hagu har sau biyu. Ƙofar ce ƙarama, tun ranar da aka kafa ta nake faɗa. Tun ba a haife shi ba nake tuƙi, yau shi zai koya min hanya? Makulli na aljihuna.

Laraba, 5 ga Maris
Sun zura ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa. Ƙara kamar maƙera. Na yarda ne kawai don Auta, a sashen take aiki.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta zo da kwamfutarta, wai in ga kaina. Ba fuska, ba kunne, ba ƙoƙon kai. Na ce ina sauran? Ta ce shinge take zanawa. Abin da ke cikin shingen, injin ya ɗauke shi ɗaya, na waje sifiri, ko kallonsa ba ya yi. Na ce to gemuna sifiri ke nan? Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, gemu ba ya tunani." Marar kunya. Halin uwarta, Allah ya jiƙanta.

Wai an yanka ƙwaƙwalwar ƙananan akwatuna, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, kowanne da adireshinsa na lamba uku: dama ko hagu, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Wannan na gane, ai kamar unguwa da layi da lambar gida ne. Abin da ya ƙona min rai, sai da suka matsa kaina suka ja shi ya yi daidai da wani kai na kowa da kowa kafin lambobin su yi aiki. Wa ya ba su izini? Ni ban taɓa sa hular wani ba.

Ta danna lambobi uku, wani tabo baƙi ya fito. A dama.

Lahadi, 9 ga Maris
Na kama su. Tabo a dama, ƙofa a hagu! Auta ta ce a ƙwaƙwalwa dama ce ke kula da hagu, wai kaina ya yi nasa shingen, duk abin da ke hagu ya mai da shi sifiri, kuma ba zan ji na rasa komai ba. 'Yan boko ba sa rasa amsa.

Talata, 11 ga Maris
Mai aski ya tambaya wa ya aske min rabin fuska. Ba zan ƙara zuwa wurinsa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na fito da mota, ba wanda na tambaya. Na duba madubi, na duba da kyau. Sai na ji ƙaras. Keken jikata ne, 'yar babban nawa. Yanzun nan ta sauka ta shiga shan ruwa.

Ta fito ta tsaya ta hagu tana kuka. Sai da na juya gaba ɗaya na gan ta.

Asabar, 15 ga Maris
Batirin motar ya yi sanyi, dama na lura. Na aje makullin a kan tebur don a kai ta gyara, ba don komai ba. Babban nawa ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Gara da ya yi.

Na ce wa Auta in ta zo ta zauna ta damana. Kujerar can ta fi laushi.