Na Cire 'Ya'yan Fari Daga Ƙidayar Allurar Ƙyanda

Assalamu alaikum, Malam mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya tsine mini ya daure ya kai ƙarshe, domin ni ma na zagi kaina iya zagi.

Ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne a ƙasar Kazaure. Da kuɗin man fetur suka fara shigowa aka ba ofishinmu mota da firji mai kananzir, aka ce bana za a yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda har ƙauye. Amma ba a aiko allurar haka kawai, sai an san yawan yaran kowane gari a turo daidai da su. Ni aka tura ƙauyuka da rugagen da ke tsakanin Gwiwa da Roni, ina bi a keke gida-gida ina ƙirga ƙananan yara.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ka tambaye ta 'ya'yanta nawa ma tsallake shi za ta yi. Ni kaina ɗan fari ne, har yau Inna "mutumin nan" take ce mini. A wata ruga na sami wata mata mai suna Hansai da goyo a bayanta, na ce, "'Ya'yanki nawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu." Na ce, "To wannan na bayanki fa, tulu ne?" Surukarta ta kwashe da dariya ta ce, "Malam, kai ma ka sani, sa shi kawai." Haka na yi ta yi, duk ɗan farin da na gani da idona na sa shi, ko uwar ta yi shiru.

Da na kai wa ogana lissafin sai ya ɓata fuska. Mutum ne mai gaskiya, ya yi karatun ƙididdiga, kuma yana da nasa ƙiyasin da ya fitar daga tsohon lissafin masu biyan haraji. Ya ce, "Yaranka sun yi yawa. Ko tagwaye kaɗai ake haifa a can? Je ka sake dubawa, in kana da hujja ka kawo mini." Nan take na tuna ba a jima da korar wani abokin aikinmu ta wajen Babura ba, wanda ya zauna a gindin bishiya ya ƙirƙiro yara daga kansa. Ga shi kuma an sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas Kano. Wace hujja gare ni? In oga ya aika wani ya sake tambaya, matan nan "babu" za su ce, wa zai zama maƙaryaci in ba ni ba? Maimakon in buɗe baki in yi masa bayani, sai na koma na cire duk yaron da uwarsa ba ta faɗe shi da bakinta ba. Har ina lallashin kaina wai ai abin da aka gaya mini na rubuta. Lissafina ya zo daidai da nasa, ya dafa kafaɗata ya ce haka ake aiki, ni kuma, ina jin kunyar faɗa, har daɗi na ji.

Ranar allura aka taru a ƙofar gidan mai gari. Masu 'ya'ya da yawa suka yi ta turereniya, masu goyon fari kuwa suka raɓe can baya, don wace ce za ta yarda a gan ta tana rawar jiki a kan ɗanta na fari? Kafin layi ya kai kansu allurar ta ƙare, daidai da yawan da na bayar. Aka rubuta cewa an yi wa kowane yaro, ba a bar ko ɗaya ba. A ofis an riga an shafe yankin a taswira a matsayin wanda aka gama, mota ta juya ta wajen Yankwashi, ba mai niyyar komawa.

Yanzu ƙyanda ta shigo wani ƙauye kusa da rugar su Hansai, an fara binne yara. Ranar kasuwar da ta wuce ina cikin ɗakin shan magani sai ga Hansai a bakin ƙofa, ita kaɗai da goyonta, ta sha tafiya ƙafafunta duk sun yi fari. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Malam, yaron gidanmu ba a yi masa ba." Na yi kamar ban gane ba, na ce, "Wane yaro?" Ga mutane a zaune suna ji. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana ne, Malam. Shi kaɗai gare ni." Wallahi tun da nake ban taɓa jin wata uwa ta faɗi haka a kan ɗan fari ba. Na ce mata za mu dawo, alhali na san ba inda aka shirya hakan.

In na gaya wa oga, kwas ya tafi, wataƙila har aikin, ga tsofaffina da ni suka dogara. Kuma ban tabbata zai yarda da mutumin da ya kawo masa lissafi iri biyu ba. In na yi shiru, wa zai koma wa yaran da a wajen gwamnati ba a ma haife su ba? Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, ko sallah nake muryar matar nan nake ji. Ita ta take kunyar da ta gada don ta ceci nata, ni kuma har yau na kasa taka ƙofar ofishin ogana.

Jama'a, don Allah, me zan yi?